Zabuwar Baba Ta Yi Shiru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnen da har yanzu ya ƙi daina saurare, iyalan marigayi Mai Walda na bakin kwalbati suna sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, da 'yan sandan shingen gada, da duk wanda ya taɓa sakin abin da yake yi ya bi mu da kallo, rasuwar motarsu, Zabuwa. Ta cika ranar Talatar makon jiya da hantsi, a gefen titi, tana tafiya da baya bisa umarnin hukuma.

Ni ce 'yarsa ta fari, wadda yaran makarantarmu ke ce wa Malama a gabana, 'Yar Zabuwa a bayan idona. Ni nake tuƙa ta tun da Baba ya rasu, Allah Ya ji ƙansa, kuma ni ce a kan sitiyari sa'ad da abin ya faru. Kada wani ya ɓata yawunsa: na san ƙarfe ba shi da rai. Liman ya gaya mini, ƙanena ya gaya mini, bakanike ma ya gaya mini yana goge hannu da tsumma. Injinta lafiya lau yake, in aka murza makulli yanzu zai tashi. Wani abu ne a cikinta ya mutu, shi ya sa muka ce ta mutu.

An haifi marigayiya a rumfar waldar Baba. Asalinta wata ƙaramar mota ce da ta yi haɗari rufinta ya lotse, mai ita ya yi fushi ya bar ta a ƙofar rumfa. Wani zai miƙe rufin ne ya fesa fenti ya sayar. Baba ya yanka ganguna ya lanƙwasa mata ƙusumbin baya, ya kafa mata dogon wuya na bututu a saman gilashi, ya ɗora kai da baki da jan leɓe irin na zabuwa, ya yi mata idanu da fitilun babur. Da ya shafe ta da fenti ruwan toka sai ya ɗauki murfin kwalba yana tsomawa a farin fenti, yana ɗiga mata zane ɗaya bayan ɗaya, Inna, mahaifiyarmu, tana riƙe masa gwangwani tana cewa ya haukace. Da maƙwabta suka tambaye shi me ya sa zabuwa, ya ce ai kaza kowa yana da ita.

Ta yi rayuwa mai tsabta. Ba ta taɓa gudun wuce ƙima ba, don ba ta iya ba. Ba ta taɓa buge ko akuya ba. Shekara da shekaru tana kwana a waje da makulli a jikinta, ɓarawo bai taɓa ko leƙa ta ba, to ina zai kai ta? In ta faɗa rami kanta yakan sunkuya ya ɗago, har tsofaffi a bakin hanya sukan amsa mata gaisuwa. Tana da nata aibin, ba za mu ɓoye ba. Wuyanta ba ya shiga ƙofar asibiti, don haka duk mai naƙudar da ta ɗauka a bakin ƙofa take sauka ta ƙarasa da ƙafa. Kuma in ana ruwa, ta wuyan nan yake bi ya ɗiga daidai cinyar direba.

Babu shingen 'yan sanda da ta taɓa wucewa ba a ɗaga mata hannu ba. Ko ɗaya. Mota goma za su wuce, wata ba lamba, wata ba fitila, wata an ɗaure ƙofarta da igiya, a bar su su tafi, a tare mu. Su karɓi takardu su riƙe a juye, idonsu yana kan bakin tsuntsuwa. Wani ya sa an buɗe masa but ɗin kaya, wai yana neman ƙwai. Wani ya tsaya da gaske yana tunanin ko ofishinsu ne ke da hurumi a kanta ko likitan dabbobi. Wani kuma ya rubuta mana laifin ɗauke hankalin jama'a, aka ɗauke shi hoto ya dafa wuyanta, ya yaga takardar da kansa. Ni a lokacin abin yana ƙona mini rai, don nakan makara makaranta. Baba kuwa daɗi yake ji. Yakan fita da wuri ne musamman don a sami lokacin tsayar da shi.

Amma ba kamanninta ne babban abin ba. Muryarta ce.

Da yake bayanta ya yi tudu, direba ba ya ganin abin da ke bayansa, ga lungunmu cike da yara. Sai Baba ya samo irin lasifikar nan ta masu tallan magani, wadda ake yi wa magana ta riƙe ta yi ta maimaitawa. Ya ciro cikinta, ya haɗa da fitilar baya, ta yadda da an sa giyar baya za ta fara magana daga farko. A tsakar gida ya ɗauki muryar, yana tsaye ya gyara murya kamar mai karanta labarai, Inna tana shanya tana kallonsa. Ga abin da marigayiya take faɗa, ban rage ko harafi ba:

"A kauce, a kauce! Mai yaro ya riƙe yaronsa! A kauce, a kauce! Mai yaro ya riƙe yaronsa!"

Sai ɗan shiru. Sai a ji ya sassauta murya, ya juya gefe:

"Ke kuma dariyar me kike yi?"

Da Inna yake. Ta kasa daurewa ne ta fashe, shi kuma bai san na'urar tana ci gaba da ɗauka ba. Da ya ji, ya ce a bar shi haka. Ya malale abin da gam don kada ruwa ya shiga, ya sa a ɗan akwatin ƙarfe, ya walde shi a ƙarƙashin jela. Ba kowa ya san da wannan maganar ta ƙarshe ba, domin sai an yi doguwar tafiya da baya ake kaiwa gare ta. Mai fita daga lungu sai dai ya ji a kauce.

Wanda ya gano ta shi ne Sajan na shingen gada, wani dogon mutum mai furfura a gashin baki, wanda ya tsufa a tsakiyar titi. Wata rana Baba ya wuce shi bai lura ba, ya busa usur, Baba ya dawo da baya, muryar ta kai ƙarshe. Sajan ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Daga ranar ya canza yadda yake aiki. Kowace mota daga gaba yake tare ta, Zabuwa kuwa sai ya juya baya kamar bai gan ta ba, sai ta kai turken fitila na biyu, sannan ya busa. Ya auna, daga turken nan zuwa gangar shinge shi ne daidai tsawon maganar. Baba ya dawo yana masifar ƙarya, Sajan ya ɗaure fuska ya ce a kawo takardu, Inna a kujerar gaba tana rufe baki da gyale.

Da Baba ya rasu, sai da muka yi watanni ba wanda ya taɓa motar. Ranar da na tashe ta don in kai Inna asibiti, na manta sam, na sa giyar baya. Inna ta dafe ƙirji. Na yi sauri zan kashe, ta riƙe mini hannu. Da muka iso gada Sajan ya hango mu, na ga ya ɗaga hannu zai tare mu daga gaba, sai ya ga wadda ke zaune a gefena. Ya sauke hannun, ya juya baya. Muna kai turke na biyu ya busa. Na dawo a hankali, Baba yana gargaɗin masu yara, har ya juya ya tambayi matarsa. Sajan bai nemi takarda ba. Ya sunkuyo taga ya ce, "Inna, ya haƙuri?" Ta ce, "Haƙuri sai ma'aiki, Sajan." Hawaye na zuba, amma wallahi dariya take yi.

Haka muka zauna kusan shekara uku. Duk Asabar Inna takan yi wanka ta sa turare, ta ce tana son zuwa ganin ƙanwarta. Ba ta da wata ƙanwa a hayin gada. Mu je, a busa, mu dawo, a yi mata tambayarta, mu zagaya shataletale mu koma gida. A lungu ma za mu iya yi, amma ta ce a'a, a gida kamar roƙonsa ake yi ya yi magana, a titi kuwa aiki ne ya kama.

Rashin lafiyar ta fara ne a daminar bara. Muryar ta soma dishewa. Sai ta riƙa ja, kalma tana jan kalma. Wata rana "mai yaro" ya ɓace, wata rana ya dawo. Abin da ya fi tayar mana da hankali, yadda take ja ɗin nan haka muryar Baba ta koma a makonninsa na ƙarshe a gadon asibiti, har da ɗan kukan nan na maƙogwaro kafin magana ta fito. Muka zama muna jinyar mutum ɗaya karo na biyu. Na kai ta wurin mai gyaran wutar mota, ya kwanta ƙarƙashin jela ya daɗe, ya fito ya ce ruwa ya sami hanya, ciki ya ci tsatsa, kuma duk lokacin da wuta ta shiga tana ƙara ƙona abin da ya rage. Buɗewa kuwa ba zai yiwu ba, gam ɗin ya zama dutse, in aka fasa shi an fasa har da maganar. Na ce saura nawa? Ya ce, "Malama, ko likita ba ya faɗar wannan. Ki dai lallaɓa."

Masu cewa me ya hana mu ɗauka a waya, mun ɗauka, na gode da shawara. Mun makara ne. Muryar da wayar ta kama ta majinyaci ce. Inna ta saurara sau ɗaya ta ture wayar, ta ce wannan ta riga ta ji shi a asibiti, ba ta son ƙari.

Ita da kanta ta soke fitar Asabar. Ta ce, "A ajiye mini abin da ya saura. Akwai ranar da zan buƙace shi, in ta zo zan gaya miki." Daga nan na koyi tuƙin da ba wanda ya taɓa koyarwa, tuƙin da babu baya a cikinsa. Ba na shiga lungun da ba ya ɓullewa. Ba na tsayawa inda wani zai iya toshe mini gaba. In na wuce kwana, sai in zagaye unguwa guda in dawo. Da safe maƙwabta ke tura mini ita zuwa bakin titi da hannu, inji a kashe. Na je na gaya wa Sajan, ya cire hula ya shafa kai, ya gaya wa yaransa. Tun daga nan daga gaba yake tare mu kamar kowa, ya gaishe ni, ya tambayi Inna, ya ɗan kalli wajen jela, ya ɗaga mini hannu in wuce.

Ranar Talata ina tsakiyar darasi wayata ta yi ƙara. Inna ba ta kirana a makaranta. Ta ce, "Yau ce. Na tashi na nemi muryarsa a kaina, ban same ta ba. Fuskar tana nan, maganar tana nan, amma muryar ta tafi. Zo ki ɗauke ni." Na bar alli a kan tebur, ko jakata ban rufe ba.

Gada tana tsakanin makaranta da gida. Ban san an kai Sajan wani aiki a ranar ba, ban san an kawo sabuwar ma'aikaciya ba, wata yarinya siririya da kakinta bai ko saki guga ba. Ta ce ta ɗaga mini hannu. Na yarda ta ɗaga, hankalina yana gida. Usur kawai na ji. Na taka birki, na duba, ga ni daidai turke na biyu.

Na fito na tako da ƙafa har inda take, takardu a hannu. Ta ce in koma in kawo motar. Na ce ranki ya daɗe, motar nan ba ta baya. Ta ce duk mota tana baya. Na ce to bari in zagaya shataletale in dawo ta gabanki. Ta ce ai guduwa zan yi. Nan fa bakina ya kubce mini, na ce, "Gudu? A cikin zabuwa? In ɓuya a ina, a akurki?" Masu sayar da ruwa da 'yan babur suka kwashe da dariya, fuskarta ta canza. Na nemi a taya ni turawa, ga hawa, ga motoci sun yi layi suna ta oda. Na fara yi mata bayanin Baba, ta ɗaga mini hannu ta ce ba ta zo jin tarihi ba: ko in dawo da motar yanzu, ko ta kira janwe a kai ta ofis. Na san filin ofishin nan, na ga motocin da ke ruɓewa a cikinsa ciyawa ta fito ta tagoginsu. Na koma na zauna. Na kalli kujerar Inna, ba kowa sai gyalen da ta manta. Na sa giyar.

Jama'a, ban san yadda zan faɗi wannan a yarda da ni ba. Muryar ta fito tangaram. Ba dishewa, ba ja, ba kukan maƙogwaro. Baba ne na tsakar gida, mai ƙarfi, mai gyara murya kamar mai karanta labarai. Ta madubi ina ganin ma'aikaciyar, ta so ta daure, ta kasa, ganin ƙatuwar zabuwa tana tahowa da baya tana ce wa mutane su riƙe yaransu. Ta fashe da dariya har tana dafa ganga. Jelar ta iso daidai gabanta. Aka yi ɗan shirun nan. Sai ya sassauta murya.

"Ke kuma dariyar me kike yi?"

Dariyar ta ɗauke. Ta ja da baya, usur ya faɗi daga hannunta. Wani abu ya yi ƙas a ƙarƙashin jela, ɗan hayaƙi ya fito mai warin ƙonannen roba. Na fitar da giyar na mayar, na fitar na mayar, fitilar baya tana kamawa, ba magana. Har yau ba magana.

Ban san yadda na isa gida ba. Inna tana zaune a ƙofa, ta yi wanka, ta sa turare, takalmanta a ƙafa. Ta kalli fuskata, ta kalli motar, ta sunkuya ta cire takalman ta shiga ciki. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Marigayiya ta rasu ta bar Inna, wadda tun ranar in jikanta ya yi abin dariya takan fara, sai ta katse a tsakiya ta karkata kai gefe. Ta bar ni, da nake juyowa a firgice duk lokacin da wata babbar mota ta yi ƙarar komawa baya a titi. Ta bar ƙanena, wanda ya daɗe yana cewa a sayar, shi ne kuma na tarar jiya a zaune cikinta shi kaɗai, hannunsa a kan giya. Ta bar yaran lungu, da har yanzu suke tura kwali da baya suna cewa a kauce. Ta bar Sajan, wanda ya zo gaisuwa ya tsaya a zaure ya kasa shiga, yana ta cewa da yana nan, da yana nan.

Ta kuma bar wannan yarinya. Kwana biyu bayan abin ta zo gidan cikin kayan gida, idonta a kumbure, Sajan ya gaya mata komai. Ni na so in kore ta, Allah Ya sani, har na miƙe. Inna ta ce in zauna. Yarinyar ta durƙusa tana neman gafara, Inna ba ta bi ta kan wannan ba. Ta kamo hannunta ta ce, "'Yar nan, ke ya yi wa magana. Yaya ya faɗa? Da faɗa ko da wasa?" Ta ce, "Da wasa, Inna. Kamar shi ma yana danne tasa." Inna ta rufe ido ta ce, "To shi ne. Sake gaya mini." Yanzu in ta tashi daga aiki nan take biyowa, su zauna a tabarma, ta kwatanta, Inna ta gyara mata. Yarinyar ta ce mini tun ranar ba ta iya sa usur a baki ba tare da ta ji kamar wani yana tsaye a bayanta ba.

Mai gyaran wuta ya kawo mana wata na'ura sabuwa mai kukan tsuntsu, ya ce kyauta. Mun gode masa, mun mayar.

Za a yi rakiyar marigayiya ranar Asabar bayan la'asar, daga ƙofar gida zuwa rumfar waldar Baba inda aka haife ta, a can za a rufe ta da tamfol a ja ƙofa. Ba za a tayar da inji ba, da hannu za a tura ta, don haka muna neman masu ƙarfi. Masu sayen tsohon ƙarfe su hutar da ƙafarsu. Addu'a kuma ba ta mota ba ce, liman ya yi bayani kuma mun ji, a yi wa wanda ya ƙera ta, Allah Ya haskaka makwancinsa. Za a bi ta gada. Sajan da yarinyar za su janye ganga da hannunsu, kuma muna roƙon ma'aikata kada wanda ya busa usur, a bar ta sau ɗaya a rayuwarta ta wuce shinge ba a tsayar da ita ba.

Inna za ta zauna a kujerar gaba. Mun san kamannin marigayiya, mun san ba a ganinta da ɗaurarriyar fuska, saboda haka duk wanda dariya ta kubce wa a hanya ya yi abarsa, babu sauran mai tambayarsa dalili. Abu ɗaya muke roƙo. In Inna ce ta yi dariya, masu turi su tsaya, kowa ya kama bakinsa na ɗan lokaci, a bar ta ta gama saurare.